Tsohon Soja, Uban Gida: Bashin Da Ke Kan Ikkilisiya



A 'yan kwanakin nan ɗaya daga cikin ƙananan ikkilisiyoyinmu na ƙasar Gaya ta yi rashin dattijo, tsohon soja wanda ya yi yaƙin basasa, ya dawo gida, ya riƙe iyalinsa har Ubangiji ya kira shi. Ba za mu sa sunansa a wannan shafi ba, gama iyalinsa sun fi so a bar shi haka, kuma waɗanda suka san shi sun riga sun gane. Yara dai Baba Soja suke kiransa. Kusan kowace ikkilisiya tamu, daga nan gabashin Kano har zuwa Sumaila da Rano da Tudun Wada, tana da irinsa ko ta taɓa samun irinsa.

Idan irin wannan mutum ya rasu, abin da aka fi ambata a wurin jana'iza shi ne kaki da igiya da lambar girma. Wannan ba laifi ba ne, yabon gwani ya zama dole. Amma ra'ayinmu shi ne, babban yaƙin da Baba ya ci ba a bakin daga ya ci shi ba, a cikin gidansa ya ci shi. Kuma tunawa da irinsa ba jawabin rana ɗaya ba ne a bakin kabari. Bashi ne a kan ikkilisiya, wanda ya kamata a fara biya tun mutum yana da rai.

Su wane ne waɗannan mazan jiya?

Matasanmu da yawa suna ganin tsoho da sanda a bencin gaba, ba su san ƙasashen da ƙafarsa ta taka ba. Bari mu ɗan tuna musu.

Sahu na fari su ne sojojin yaƙin duniya na biyu, wanda iyayenmu suke kira yaƙin Hitila. A shekarar 1941 sojojin Nijeriya suna cikin waɗanda suka kori Italiya daga Somaliya da Habasha. Daga 1943 kuma aka kwashi runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Bama don yaƙi da Japan. Kimanin mutum dubu 90 ne daga Afirka ta Yamma suka je, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya, kuma Hausa ce harshen da aka daɗe ana amfani da shi a rundunar Nijeriya ta wancan zamani. Sun yi faɗa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka karɓi garin Myohaung a watan Janairu 1945. Wannan sahu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya.

Sahu na biyu su ne waɗanda suka je Kwango aikin Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964, da kuma dubban da suka shiga soja a lokacin yaƙin basasa, wanda ya fara ranar 6 ga Yuli 1967 ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970. Kafin yaƙin, sojan Nijeriya duka bai wuce kimanin dubu 10 ba. Da aka gama, ya kai wajen dubu 250. Wannan yana nufin samari ne aka ɗebo daga gona da kasuwa da aji, aka yi musu horo na ɗan gajeren lokaci, aka ba su bindiga. Baba yana cikin waɗannan. Wanda ya shiga yana ɗan shekara ashirin, yau yana kusa da tamanin.

Sahu na uku su ne na Laberiya daga 1990 da na Saliyo bayanta, sai kuma 'ya'yanmu da ke fama a Arewa maso Gabas tun 2009, da waɗanda ke dazuzzukan Zamfara da Katsina.

Ku lura da wani abu. Ƙasa ta tuna da wuraren da aka yi waɗannan yaƙe-yaƙe. Barikin Bukavu da ke Kano sunan wani gari ne a gabashin Kwango. Barikin Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Myohaung da Arakan a Legas, duk daga yaƙin Bama aka samo sunayensu. Sunan wuri yana nan a rubuce a ƙofar bariki. Amma sunan kurtu ɗan ƙauye da ya ɗauki kaya a ka ya hau duwatsun nan, ina aka rubuta shi? Littafin Mai-Wa'azi, sura 9, ya ba da labarin wani ƙaramin gari da babban sarki ya kewaye da yaƙi. Wani matalauci mai hikima ya ceci garin, bayan haka ba wanda ya ƙara tunawa da shi. Wannan labari bai tsufa ba.

Mai bi da aikin soja

Mun san akwai 'yan'uwa da suke jin nauyin a yabi soja a cikin majami'a. Suna cewa Ubangijinmu Sarkin Salama ne, ya umarci Bitrus ya mai da takobinsa kube, to ina ruwan ikkilisiya da mai bindiga? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba za mu yi mata amsar raini ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye cewa yaƙi yana barin tabo ba. Dawuda mutum ne da Allah ya zaɓa, duk da haka ba a yarda ya gina Haikali ba saboda yawan jinin da ya zubar, kamar yadda 1 Tarihi sura 22 ta nuna. Amma kuma sa'ad da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, a Luka sura 3, bai ce su tuɓe kaki ba. Abin da ya hana su shi ne ƙwace da ƙazafi, ya kuma gargaɗe su su gamsu da albashinsu. Mutumin da Yesu ya yaba wa bangaskiyarsa a Kafarnahum shugaban sojoji ne. Gidan al'ummai da Bitrus ya shiga ya yi wa'azi a Ayyukan Manzanni sura 10, gidan Karniliyas ne, shi ma soja. A kan Karniliyas kuwa, abin da aka rubuta ba yawan yaƙe-yaƙen da ya ci ba ne. An rubuta cewa yana tsoron Allah shi da dukan gidansa, yana sadaka, yana addu'a. Ma'aunin da Littafi ya auna soja da shi ke nan, shi ne kuma ma'aunin da za mu auna Baba da shi.

Akwai abin da ya fi wannan zafi, wanda ba mu da ikon tsallake shi. Yaƙin basasa ba da baƙi aka yi shi ba. Waɗanda suke ɗaya gefen 'yan ƙasarmu ne, yawancinsu kuma masu kiran sunan Yesu ne. Kafin yaƙin an kashe Ibo da yawa a garuruwan Arewa a 1966, har da Kano. A cikin yaƙin an kashe fararen hula a Asaba a watan Oktoba 1967. Ƙiyasin da aka fi ambata na waɗanda suka mutu ya kai miliyan ɗaya ko fiye, mafi yawansu yunwa ce ta kashe su, yara ne kuma suka fi shan wuya. A majami'unmu na garuruwa, 'yan'uwanmu Ibo masu shaguna suna zama tare da mu, wasunsu iyayensu ko yayyensu sun mutu a wannan yaƙi. Saboda haka duk wanda zai tsaya a bagade ya yi maganar yaƙin basasa da kirari da alfahari, bai san mutanen da ke gabansa ba.

Baba ya san su. Shekara da shekaru yana karɓar Jibin Ubangiji daga faranti ɗaya da mutanen da dā aka ce masa abokan gaba ne. Ba a taɓa jin ya yi fariya da abin da ya yi a daga ba. Idan samari suka matsa masa ya ba su labari, yakan ba su labarin yunwa da ruwan sama da abokan da ya binne, ya ƙare da gargaɗi kada su taɓa yin marmarin yaƙi. Da yaƙin ya ƙare, Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara da ya tashi a Wusasa, ya shelanta cewa ba wanda ya ci, ba kuma wanda aka ci. Faɗar wannan a rediyo abu ne guda. Rayuwa da shi a benci ɗaya kowace Lahadi, wannan aikin irin su Baba ne.

Yaƙi na biyu: komowa gida

Hausawa sun san abin da kalmar bariki take nufi a bakin tsofaffi. Idan aka ce wane ɗan bariki ne, ba yabonsa ake yi ba. Ana nufin ya saba da kuɗin wata, da giya, da matan banza, ya manta hanyar gida. Ba kowane soja ne ya faɗa wannan rami ba, amma kowa a cikinmu ya san gidan da rayuwar bariki ta rushe. Mun san waɗanda suka karɓi garatuti suka cinye shi a gidan burkutu kafin damina ta kewayo. Mun san waɗanda suka bar mata da 'ya'ya a garuruwa uku ba wanda suka riƙe. Mun san waɗanda suka dawo da jiki lafiya amma zuciya a karye, ba sa barci, suna firgita da dare, ƙaramin abu ya sa su ɗaga hannu a kan mace. A wancan zamani ba a san sunan wannan ciwo ba, sai a ce yaƙi ya taɓa shi. Yau likitoci sun san shi, suna kuma da hanyar taimako.

Baba bai tsira daga wannan nauyi ba. Mama, matarsa, ta san dararen da ta zauna tana tofa masa addu'a har gari ya waye. Abin da ya bambanta shi shi ne bai mai da ciwonsa ya zama bulala a kan iyalinsa ba. Da aka sallame shi, ya dawo ƙauyensu, ya karɓi gonar gado, ya koma ga gero da dawa da gyaɗa da wake kamar bai taɓa barinsu ba. Da rani yakan shiga birni aikin gadi, ya dawo da kuɗin makaranta. Mace ɗaya ya aura, da ita ya tsufa. Ya sa 'ya'yansa mata a makaranta a lokacin da maƙwabta suke ganin wannan asarar kuɗi ce. Ya riƙe marayun ƙaninsa, wanda bai sani ba ba zai iya bambanta su da 'ya'yan cikinsa ba. Kowace asuba kafin a fita gona, gidan yakan taru, a yi waƙa, a karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, a yi addu'a. Horon da ya koya a fareti, na tashi da wuri da cika alkawari da tsabta, shi ya juya ya zama hidima: shi ne mai buɗe majami'a, shi ne mai ƙirga baiko, ba a taɓa samun ko kwabo ya yi ciwon kai a hannunsa ba.

Wani zai ce ai waɗannan ƙananan abubuwa ne, kowane mutumin kirki yana yinsu. To, bari mu duba inda muke zaune. A Jos ko Kafanchan, idan uba ya yi sakaci, akwai makarantar mishan, akwai maƙwabta masu bi, akwai majami'a a kowane layi da za su tare yaron. A ƙasar Gaya da Ajingi ba haka ba ne. Yaronmu yana iya zama shi kaɗai ne Kirista a ajinsu. A makarantu da yawa ba malamin da zai koya masa addininsa. Fasto ɗaya ko mai bishara ɗaya yana iya kewaya ƙauyuka da dama, wani wurin sai bayan mako biyu ake ganinsa. A irin wannan wuri gida shi ne makarantar Lahadi, shi ne ajin baftisma, uba kuma shi ne fasto na kwana shida. Idan gida ɗaya ya rushe, ba iyali kaɗai aka rasa ba, wani lokaci kashi ɗaya cikin biyar na ikkilisiya ne ya tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Shi ya sa Manzo Bulus, a 1 Timoti sura 3, ya sa riƙon gida ya zama jarrabawar mai neman shugabancin ikkilisiya, a sura 5 kuma ya yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da danginsa.

Akwai kuma zaman Baba da danginsa Musulmi, gama kamar yawancinmu Masihiyawa, jini ɗaya ne ya haɗa shi da su. Bai yanke zumunci ba, bai kuma sayar da bangaskiyarsa don a so shi ba. Yana zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, yana fita aikin gayya. Idan rigima ta tashi a kan iyakar gona ko dabba ta shiga shuka, yana cikin waɗanda mai unguwa yakan kira, domin an san ba ya ƙarya. A lokutan da hankali ya tashi a jihar nan, samari suka fara maganganun zafi, shi ne ya fi kowa tsawata musu. Wanda ya san abin da harsashi yake yi wa jikin mutum ba ya wasa da wuta. Ranar jana'izarsa maƙwabta Musulmi sun cika ƙofar gida. Wannan shaida ce da wa'azin shekara guda ba zai iya saye ba.

Kada kuma a manta da Mama. Shekarun da yake bakin daga, ita ce ta zauna ba wasiƙa ba labari, ba ta san ko matar aure ce ita ko gwauruwa ba. Ba a ba matan sojoji lambar girma. Duk yabon da aka yi wa Baba a kan gidansa, rabi nata ne.

Ai wannan aikin gwamnati ne

Idan aka ta da maganar kula da tsofaffin sojoji a majalisar dattawa, amsar da aka saba ji ita ce: gwamnati suka yi wa aiki, gwamnati ta biya su. Gaskiya ne haƙƙinsu yana kan gwamnati, kuma daidai ne shugabanninmu su riƙa faɗar haka da babbar murya. Akwai Hukumar Fansho ta Soja a Abuja. Akwai ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, wadda aka kafa da doka tun 1964. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni, ana sakin tattabaru. Amma waɗanda suka san Abuja a farkon shekarun 2000 sun ga tsofaffin sojoji suna kwana a gefen titi suna jiran fansho, kuma ko a shekarar 2025 waɗanda suka yi ritaya sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya suna neman haƙƙinsu. Tsoho mai ciwon ƙafa a ƙauyen Ajingi ba zai iya zuwa zanga-zanga ba. Wani ma bai san an fara tantancewa ba sai kuɗinsa ya tsaya.

Ikkilisiyar farko ba ta ce wa gwauraye su je wurin Kaisar ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce wannan ba aikin ruhaniya ba ne. Sun sa an zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, aka ɗora musu aikin. Yaƙub kuma, a ƙarshen sura ta fari ta wasiƙarsa, ya sa ziyarar marayu da gwauraye a cikin ma'anar addini na gaskiya. Mun sani ikkilisiyoyinmu matalauta ne, wasu ko albashin mai bishara da kyar suke haɗawa. Amma yawancin abin da ake bukata ba kuɗi ba ne. Ƙafa ce, da kunne, da biro.

Abin da muke ba da shawara

Na ɗaya, a rubuta. Mu mutanen Gaya mun fi kowa sanin amfanin wannan. Tarihin Kano ya riƙe labarin maƙeran da suka tashi daga Gaya suka je Dala neman tama, har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa. An san wannan bayan ɗaruruwan shekaru domin wasu sun riƙe labarin, wasu kuma sun rubuta. A littafin Esta sura 6, da ba a rubuta alherin Mordekai a littafin tarihi ba, da daren da sarki ya kasa barci ba abin da za a karanta masa. Kowace ikkilisiya ta sayi littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi. A sa matasa biyu masu kyan rubutu su zauna da kowane dattijo, soja ne ko manomi ko tsohon mai bishara, su rubuta inda aka haife shi, yadda bishara ta same shi, wanda ya yi masa baftisma, inda ya yi aiki, da sunayen 'ya'yansa. Wayar da ke aljihun matasanmu tana ɗaukar murya, a yi amfani da ita. Idan tsoho bai so ya faɗi wani abu na yaƙi ba, kada a matsa masa.

Na biyu, a ziyarta. Zumunta a ƙafa take. Dattijon da ƙafa ta hana shi zuwa sujada bai fita daga ikkilisiya ba. Majalisar dattawa ta tsara wanda zai je wurinsa kowane mako, a kuma riƙa kai masa Jibin Ubangiji har gida. Yabon da aka tanada don ranar jana'iza, a faɗa masa rabinsa yanzu yana ji da kunnensa. Wanda aka yi bayan an rufe kabari ihu ne bayan hari.

Na uku, a sa mutum ɗaya a kowace gunduma, mai ilimi kuma amintacce, ya san takardun tsofaffin sojojinmu: takardar sallama, lambar soja, takardar aure, sunan magajin da aka rubuta, da asusun banki. Idan lokacin tantancewa ya zo, ko ta tafiya ce ko ta wayar hannu, shi zai sanar, ya kuma raka wanda ba zai iya shi kaɗai ba. Gwauraye da yawa sun rasa haƙƙinsu domin takarda ɗaya ta ɓace, ko gara ta cinye ta a cikin adaka, ko kuma wani ɗan damfara ya karɓa da sunan zai taimaka. Mai wannan aiki kada ya karɓi ko sisi a hannunsu.

Na huɗu, gwauruwa ba ta gama bukatar ikkilisiya ranar da 'yan makoki suka watse ba. A ranar ne ma bukatarta ta fara. Zumuntar Mata sun saba da wannan hidima, Allah ya sāka musu, amma kada a bar musu su kaɗai. Matasa su yi mata gayyar noma da damina. Dattawa su tsaya a kan maganar gona da gida, kada dangi su kore ta daga inda ta tsufa.

Na biyar, Lahadin da ta fi kusa da 15 ga Janairu, a keɓe ɗan lokaci a cikin sujada. Ba don kirarin yaƙi ba. A karanta sunayen waɗanda suka rasu, a yi addu'a domin dukan waɗanda yaƙi ya cinye ta kowane gefe, a roƙi salama domin ƙasarmu. Joshuwa ya sa an kafa duwatsu goma sha biyu bayan haye Urdun domin wata rana yara su yi tambaya, iyaye su ba da amsa. Yaranmu ma suna bukatar abin da zai sa su yi tambaya.

Na shida, a tuna da masu kaki na yau. Akwai 'ya'yan ikkilisiyoyinmu a soja da 'yan sanda, wasu sun yi shekaru ba su ga gida ba sai hutu na 'yan kwanaki. A san sunayensu, a riƙa kiransu a waya, a duba matansu da 'ya'yansu. Idan ɗayansu ya dawo ba ya barci, yana yawan fushi ko ya kama shan giya, kada a yi gaggawar sa shi a horo ko a ce aljanu ne kawai. A yi addu'a da shi, a saurare shi, a kuma kai shi wurin likita. Irin gidan da zai gina nan da shekara talatin ya dangana da yadda aka karɓe shi yau.

Kalma ga iyaye maza

Yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa riƙe bindiga ba, muna kuma addu'a kada Allah ya kawo ranar da za su riƙe. Amma yaƙin da Baba ya ci, kowane magidanci yana cikinsa. Tsadar rayuwa tana kora mazanmu zuwa Kano da Abuja da Legas neman kuɗi, wasu wata shida ba su leƙo gida ba. Wannan ma wani irin bariki ne, da irin jarabobinsa. Tambayar da za a yi a kanka ba nawa ka tara ba ce. Za a tambaya ko matarka ta zauna lafiya a hannunka, ko 'ya'yanka sun taɓa jin muryarka kana addu'a, ko maƙwabcinka Musulmi zai iya ba ka ajiya ya yi barci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran da ke gidanka yau kuwa su ne dattawan da za su riƙe waɗannan ƙananan majami'u idan mun wuce.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana a cikin abin da za ta tattauna a zamanta na gaba, ta kuma zaɓi ko da abu biyu daga cikin shidan nan ta fara da su kafin shekara ta ƙare. Waɗanda suka rage daga sahun Baba ba su da yawa, kowace damina kuma suna raguwa.

Allah ya ta'azantar da Mama da 'ya'ya da jikoki. Allah ya ba ƙasarmu salama, ya kiyaye 'ya'yanmu da ke bakin daga, ya kuma tashe mana iyaye maza masu riƙon gida da tsoronsa. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.